Littattafan da nake karanta wa mata ran Alhamis a Damagaram

Malam Edita,

Ina gaishe ka da kyau, kai da abokan aikinka. Ni tsohuwar malamar lakwal ce a nan Damagaram, shekara 31 na yi riƙe da alli kafin in huta. Kirista ce ni, a cikin addinin aka haife ni, kuma rabin dangina Musulmi ne, kamar yadda za ka samu a gidajenmu da yawa a nan. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar littattafan labari da na ƙarfafa zuciya da mu Kiristoci muke karantawa. Ban taɓa ganin an taɓo ta a jaridarku ba, ni kuwa ta daɗe tana ci mini rai.

Duk ran Alhamis da la'asar sakaliya matan zumuntarmu sukan taru a tsakar gidana, gindin dogon yaro. Wata rana mu kai goma sha biyar, in damina ce a yi shida. Yawancinsu ba su jin Faransanci, masu karanta Hausa kuma a hankali suke bin baƙi. Littattafan da ke iso mana kuwa, na Faransanci ne da matafiya ke kawowa daga Kwatano ko Abijan, ko na Turanci daga Jos da Sabon Garin Kano. Don haka sai in buɗe shafi, idona na bin yaren littafin, bakina na fitar da Hausa. Fiye da shekara goma ke nan muna haka.

'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun fara aiki a Zinder tun 1924, lokacin ma nan ce hedikwatar ƙasa, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, da shi innata ta koyi karatu, yatsa a kan layi. Yau fiye da shekara ɗari ke nan da zuwan mishan ɗin. In ka cire Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da 'yan ƙananan littattafan koyarwa, ka ce in miƙo maka labari guda mai kauri wanda Kirista ɗan ƙasar nan ya zauna ya rubuta da Hausa, ni dai ba ni da shi a akwatina.

Ba raina na baƙin nake yi ba. Wasu sun yi mini rana. Tsohon littafin nan The Pilgrim's Progress, wanda ya fito a 1678, na John Bunyan, mutumin da ya yi shekaru a kurkukun Bedford ta Ingila saboda wa'azi, shi ne ya fi kowane shiga ran matan nan. Labarin mutum ne da ya bar garinsu da kaya mai nauyi a bayansa, ya faɗa taɓo, ya rabu da hanya, ya sake komowa. Ranar da muka fara shi, wata dattijuwa da duk muke kira Gwaggo ta tsai da ni, ta ce, "Malama, kaya ai a ka ake ɗauka, abin da ke baya goyo ne." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce to daidai ne, zunubi goyo ne, ba ka ganinsa amma kana jin numfashinsa a wuyanka. Ni da na karanta littafin sau uku ban taɓa kaiwa nan ba. Wata huɗu muka yi a kansa, ba wadda ta yi fashi sai da dalili.

Da maigidana ya rasu, wani labari daga Amurka ne ya zama abokin hirata da dare. Wata bazawara ce a cikinsa da ta yi wata da watanni tana mantuwa tana dafa abincin mutum biyu. Ni ma haka na riƙa yi, ina kwaɓa tuwon mutum biyu, kuma kunya ta hana in faɗa wa kowa. Da na gan shi a rubuce sai na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Wanda ya rubuta wannan bai san ni ba, bai san akwai wani gari Zinder ba, amma Allah ya saka masa.

Sai dai da na kawo wa mata wannan littafin, tafiyar ba ta yi nisa ba. Matar da ke cikin labarin tana zaune ita kaɗai a gida kwana uku bayan rasuwa. Suka ce ina danginta? Ina dangin mijin? Ba wanda ya zo zaman makoki, ba maƙwabciyar da ta aiko ko da kunu? Can gaba marubucin ya ce ruwan sama ya ɓata musu yini. Na fassara yadda yake, sai tsakar gida ta yi tsit. A garin da muke tashi ƙarfe uku na dare mu jera jarkoki a bakin famfo, inda a watan Afrilu kuɗin 'yan ga-ruwa ke cinye rabin cefane, yaya zan gaya wa mace cewa ruwa ya ɓata yini? Daga ranar na fara tsallake shafuka, ina sa gero inda aka ce alkama, ina sa hunturu da hazo inda aka ce ƙanƙara ta rufe hanya. Ka ga kuwa mai yin haka ya daina fassara, gyaran rigar wani yake yi don ta shiga jikin da ba a auna ba.

Abin mamakin shi ne, Littafi Mai Tsarki kansa ba ya ba mu wannan wahalar. Rut tana kala a gonar Bo'aza, kowace a cikinmu ta san kala. Rifkatu a bakin rijiya tana shayar da raƙuma, Hannatu da kishiyarta mai yi mata gorin haihuwa, yunwar da ta kori Na'omi daga garinsu, duk kamar a Mirya ko Magarya aka yi su. Labarin da ya shekara dubbai ya fi kusa da mu a kan wanda aka buga bara waccan.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyi. Ran Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta yi, wanda mu ma bai yi mana daɗi ba, an ƙona majami'u a garin nan, an rasa rayuka, wuta ta ci har cibiyar al'adun Faransa da ɗakin karatunta, inda na saba aron littafi. Akwatin littattafan zumuntarmu ma ya tafi a ranar. Ni da 'yata, maƙwabciyata Hajiya ce ta jawo mu ta ƙofar baya, ta yafa wa yarinyar hijabinta, ta sa mu a ƙuryar ɗakinta kwana uku. Mijinta ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna da casbinsa, duk wanda ya leƙo ya ce masa nan ba kowa sai iyalinsa. Har gobe ita ce ke fara aiko mini da naman layya, ni ce ke fara aika mata da shinkafar Kirsimeti.

Bayan ƙura ta lafa wani ya aiko mana da littafi a kan gafara. An cuci jarumar a babi na tara, a babi na goma ta durƙusa ta yi addu'a, ta tashi zuciyarta fes. Ina cikin karantawa, wata ƙanwarmu da aka ƙona wa shago ta ce, "Yaya, don Allah rufe." Na rufe. Ni kaina na fi shekara biyu in na hangi wani yaro da na koyar a aji uku, wanda na gani da idona a cikin taron ranar, sai in sauya hanya. Na yafe masa, Allah ne shaida, har na je sunan ɗansa. Amma ba a babi guda abin ya zo ba. Ya zo ne kaɗan-kaɗan, yau ya zo gobe ya koma, kamar ruwan famfonmu. Abin da ya riƙe ni a tsakanin shi ne wurin nan a littafin Ayuba inda abokansa suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, sai kuma furar da Hajiya ke damo mini ba ta tambaye ni komai ba. Littafin da ke gaggauta wa mai ciwo warkewa ƙara masa ciwo yake, don sai ya ɗauka shi ne bangaskiyarsa ba ta kai ba.

Kuma a duk littattafan da suka bi ta hannuna, ban taɓa cin karo da irin Hajiya ba. Ko dai babu Musulmi a cikin labarin sam, ko a sa shi abin tsoro, ko a ajiye shi don a juya shi a shafin ƙarshe. Maƙwabcin da zai tsare maka ƙofa da ransa, gari ya waye ya tafi masallacinsa ka tafi majami'arka, babu shi. Alhali da shi muke kwana muke tashi. Yayana da muke uba ɗaya ladan ne a unguwarsu, tare muka raba gadon babanmu ba wanda ya ji kanmu.

Akwai kuma wani iri da nake so in yi kashedi a kansa a fili, wato ƙananan littattafan nan masu bango mai walƙiya da ke yi wa mutum alkawarin arziki da haihuwa da buɗi in ya bi matakai kaza, ya kuma ba da abin da suke kira iri. Wata yarinya a cikinmu, shekara tara da aure ba haihuwa, ta karanta ɗaya ta sayar da keken ɗinkinta ta aika da kuɗin. Shekara ta zagayo shiru. Ta zo mini tana cewa ita ce Allah ya ƙi. Ban san inda marubucin yake ba, amma ni ce na zauna da ita har dare, kuma mu ne muka yi adashi muka mayar mata da keke. Daga baya muka raka ta asibiti, ita da mijin, abin da ya kamata a fara yi tun farko. Yanzu duk littafin da aka kawo mini, sai na karance shi ni kaɗai kafin ya ga tabarmar Alhamis.

Kada wani ya ce mini ba masu karatu. Littattafan soyayya na Kano sun cika gari tun shekarun 1980, ana sayar da su a kasuwar Dole, yanzu kuma sun koma cikin waya. 'Yan matan ƙungiyar waƙarmu suna karanta su har su manta da tukunya a wuta, ni ma na karanta da dama, kuma na ga yadda matan da suka rubuta su suka san kishi da zaman gidan miji ciki da bai. Su ba su jira wani daga ƙetare ya ba su izini ba. Mu me muke jira? Ga shi tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Littafin Faransanci guda na saye shi jika shida, kuma sai an sami mai fassarawa kafin ya yi amfani. Ƙaramin labari da Hausa, ko a waya aka tura shi, mace za ta karanta wa uwarta da kanta.

Labaran kuwa ga su nan zube. A 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, galibinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance, nan kusa da mu. Wace addu'a uwa ke yi in ruwan jarka ya ƙare? Ga samarinmu da ke tafiya haƙar zinariya a Jado ko aikatau a Libiya, su bar amarya da tsohuwa a gida ɗaya. Ga matar da ta shigo ikilisiya tana da kishiya, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Waɗannan ne nake so in buɗe in karanta ba tare da na sauya ko kalma ɗaya ba. Kuma ina so a rubuta su yadda Hajiya ma za ta saurara ba ta ji an ci mata fuska ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware ko rabin shafi ne a wata, don gajeren labari irin wannan, daga Kirista ko Musulmi, muddin an rubuta shi da mutunci. Fastocinmu da malaman makarantun Littafi Mai Tsarki kuma, su daina ganin labari kamar wasan yara, tunda Yesu Almasihu kansa da misalai ya koyar, na mai shuka da na ɗan da ya ɓace.

Ni dai tun bayan gobarar nan na fara rubuta abin da matan ke faɗa in sun katse ni, irin maganar Gwaggo ta goyo. Kaye biyu sun cika, na uku ya yi rabi. Gwaggon ta rasu bara da kaka, maganganunta kusan shafi ashirin ne a ciki. Idona ya fara rauni, rubutuna kuma na alli ne, manya-manya. In akwai ɗalibi a jami'ar André Salifou da ya iya buga Hausa a kwamfuta da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, ya bar saƙo a ofishinku, zan aiko jikana ya karɓa.

Na gode.

Taku,
Wata tsohuwar malamar lakwal,
Zinder