Ja Daban, Ɗauka Daban

Zuwa ga ɗana Sadiku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Ya zafin Teksas? Mu nan Zariya lafiya lau, damina ta kankama, Hajiyarku tana gaishe ku.

Na ga hotunan da ka turo ta WhatsApp. Tirelar ta yi kyau, ba ƙarya: ɗakin kwana a gaba, kicin da banɗaki a tsakiya, ga gareji a baya mai ƙofar da ke sauka har ƙasa a tura motar rairayi da babura ciki. Ka ce a can sunanta toy hauler, wato mai ɗaukar kayan wasa. Hajiyarku ta yi dariya, ta ce wannan wasa ya fi ƙarfin yara. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne a-kori-kurar da ka ce za ka saya ka ja ta da ita. Da ta waya zan yi maka maganar, amma na san halinka. Za ka yi ta "to Baba, to Baba", kana ajiye waya lissafin ya bi iska. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka ce dillali ya nuna maka Ford F-250 mai injin dizal, ya ce tana jan laba 20,000 da 'yan kai, tirelar kuwa laba 14,500 ce, saboda haka har da rara. Bai yi maka ƙarya ba, rabin maganar ya ba ka ya riƙe rabi. Ka tuna amalanken shanu na gidan kakanka. Bijimai biyu za su ja kaya mai yawa in hanya ta miƙe, amma abin da ke durƙusar da su shi ne nauyin da ya sauka a kan karkiya, a wuyansu. Irin tirelar da kake so, wadda ake ɗaura hancinta a cikin bodin mota a kan tayoyin baya, haka take. Ba duk nauyinta ke kan tayoyinta ba. Kashi 20 cikin ɗari, wani lokaci har 25, yana kan bayan motarka.

To ɗauko biro mu lissafa. Da farko ka manta da 14,500 ɗin nan, wannan nauyinta ne ranar da ta fito daga kamfani, ba ruwa ba tukunya. Ka duba lambar da aka rubuta GVWR a gabanta, a gefen tirelar ta hagu, ita ce iyakar nauyinta da kaya. A hotonka na ga 18,000. Kada ka ce ba za ka kai nan ba. Galan ɗaya na ruwa ya haura laba 8, tankin galan 100 kaɗai laba 834 ne. Motar rairayi mai kujera huɗu ta kusa laba 2,000. Ga tankin fetur na janareta, ga tukwanen iskar girki, ga buhun shinkafa da na san mai ɗakinka ba za ta bari a gida ba. Kashi 20 na 18,000 shi ne 3,600. Ƙarfen da ake kafawa a bodi don riƙe hancin tirelar, sa masa 200. Kai da ita da yara uku, 600. Jak, akwatin sifana, kula da tarkace, wani 200. Mun tashi da laba 4,600, sama da tan biyu ke nan, duk a kan motar.

Yanzu ka koma wurin dillalin, ka buɗe ƙofar direba, ka dubi jikin ginshiƙin ƙofar. Akwai takarda mai ruwan ɗorawa da aka manna, wadda ta faɗi iskar taya da iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar, ita kanta, za ta ɗauka. Wannan takarda ita ce alƙali. Lambar da ke cikin talla ta wata mota ce mai ƙofa biyu wadda ba a ƙawata ta da komai ba. Irin wadda aka nuna maka, mai ƙofa huɗu da kujerun fata da injin dizal, yawanci za ka tarar tsakanin 2,000 da 3,000 ne. Injin dizal ɗin da kansa ya fi na fetur nauyi da laba ɗari-ɗari, kuma daga rabonka ake cirewa. Ka ga tun ba ka tayar da mota ba ka wuce iyaka da kusan ninki.

Lambar jan da ya faɗa maka ma tana da sharaɗi. Tun wajen 2015 manyan kamfanonin suka koma gwaji iri ɗaya mai suna SAE J2807. Ana hawa da motar hawan Davis Dam a Arizona, wajen mil 11, cikin zafin da ya kai 100 a ma'auninsu na Fahrenheit, na'urar sanyi a kunne. Gwaji ne mai kyau. Sai dai a lissafinsu mutum biyu ne a motar, kowanne laba 150. Rabonka da 150 tun kana makarantar sakandare.

Shawarata ita ce ka hau aji na gaba: F-350, ko Ram 3500, ko Silverado da Sierra 3500, kuma mai taya huɗu a baya. Masu taya biyu a baya na wannan ajin sukan tsaya wajen 4,000, wato da 4,600 ɗinka ka riga ka wuce gaɓa. Masu huɗu kan haura 5,000. Bayan ɗaukar kaya, faɗin bayan nan yana riƙe mota idan iskar yammacin Teksas ta bugi tirela mai tsawon ƙafa 40 da tsayin ƙafa 13, ko babbar mota ta wuce ka da gudu. In taya ɗaya ta fashe kuma, akwai 'yar'uwarta da za ta riƙe ka har ka gangara gefe. Na san abin da za ka ce: muni gare ta, ba ta shiga wurin ajiye motoci na ofis, taya shida kuɗi ne. Duk gaskiya ne. In ba za ka iya zama da ita ba, to ka rage tirelar. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne babbar tirela a bayan ƙaramar mota.

Kan kamfani ba ni da ja. Power Stroke na Ford, Cummins na Ram, Duramax na GM, duk na ga sun yi aiki, na kuma ga kowannensu a garejin bakanike. Ka ɗauki mai dogon bodi, ƙafa 8, don kada hancin tirela ya fasa maka gilashin baya wajen juyawa.

Wani zai ce maka a sa balan-balan ta iska a kan sifirin ɗin baya, shi ke nan. Tana ɗaga bayan mota ya daidaita a ido, amma ba ta ƙara wa aksul ƙarfi ba, ba ta ƙara wa taya ba, ba ta ƙara wa burki ba, lambar da ke jikin ƙofa kuma tana nan yadda take.

Dalilin da ya sa na nace kan dizal ba hawa ba ne, sauka ce. Shekarun da na yi ina tuƙa tirela a ƙasar nan taku, babu inda ya koya mini tsoron Allah kamar hanyar I-70 a Kolorado. Kana fitowa daga ramin Eisenhower, sama da ƙafa 11,000 a kan dutse, sai gangara mai kashi 7 cikin ɗari ta karɓe ka har mil bakwai. Sau ɗaya, ina sabon shiga, na sauko da giyar da ta fi ƙarfin wurin, na yi ta taka burki. Kafin rabi na ji ƙauri, na ga hayaƙi ta madubi, fedar ta fara laushi a ƙafata. Na wuce hanyar tsakuwar nan da ake yi wa motocin da burki ya ƙwace ina kallonta ina salati. Allah ya sa da sauran kwana. Motocin dizal na wannan ajin suna da burkin inji, wanda ke toshe hayaƙi ya riƙe motar ba tare da ka ƙona burkin taya ba. Tunda ka ce garin Moab na jihar Yuta kuke son zuwa, duwatsu na gabanka ta ko'ina. Ka sauke giya tun kana bisa, kada ka bari sai gudu ya kama ka. Ka kuma tabbata motar tana da na'urar da ke sarrafa burkin tirela, ka gwada ta a fili kafin ka ɗauki yara.

Akwai wata ɗabi'a ta irin wannan tirela. An gina ta da nauyi a gaba don kayan gareji su daidaita ta. In garejin ba kowa, hancin ya fi danna motarka. In ka cika shi fiye da kima, hancin ya yi sauƙi, wutsiya ta fara kaɗawa. Ka taɓa ganin amalanken jaki da aka tula wa kaya a baya har jakin ya tashi sama yana shure-shure? To kusan haka ne. Maganinsa sikeli. A manyan tashoshin da direbobin tirela ke shan mai akwai sikelin CAT, da 'yan daloli kaɗan zai ba ka nauyin gaba daban, na baya daban, na tirela daban. Ka auna motar ita kaɗai, ka sake aunawa da tirela a ɗaure, kowa na ciki, tanki cike. Abin da ya ƙaru a nauyin gaba da na baya na motar tsakanin awon biyu shi ne abin da ke wuyan bijiminka.

Sai lasin. A Teksas, in jimlar GVWR na mota da tirela ta kai 26,001, tirelar kuma ta haura 10,000, lasin ɗinka na yau da kullum bai isa ba, sai mai aji A wanda ba na haya ba. Mota mai taya huɗu a baya mai GVWR 14,000 da tirela mai 18,000 sun ba ka 32,000. Ka je ka yi jarrabawar, ba ta da wuya ga wanda ya taso yana riƙe mini fitila a ƙarƙashin mota.

Kada ka sa hannu a kowace takarda sai ka turo mini hoton wannan takardar ta jikin ƙofa, a kusa yadda zan iya karantawa ba tabarau. Ka gaishe mini da mai ɗakinka. Ka ce wa takwarana in ya sake hawa babur ba hular kwano, ni da shi ne. Amaryata kuma har yanzu ina jiran muryarta da ta yi mini alkawari.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare hanya.

Mahaifinka.