A daina ɗora wa ƙwai laifin da ba nasa ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan saƙon nan da ake ta turawa a WhatsApp, wai ƙwai ne ke toshe jijiyar jini, wai duk wanda ya haura arba'in ya haƙura da gwaiduwa. Abin har ya kai za ka ga dattijo ya ɓare dafaffen ƙwai ya cinye farin ya miƙa wa jikansa gwaiduwar, wai shi tsoron kolestarol yake, wato wani nau'in maiƙo da ke cikin jini.

Eh akwai kolestarol a ƙwai, babba guda ɗaya na da wajen miligram 186 kuma duk a gwaiduwa yake. Amma abin da masu turo saƙon ba sa faɗa shi ne mafi yawan wanda ke jininmu hanta ce ke haɗa shi da kanta, ka ci ƙwai ko kar ka ci, don jiki na bukatarsa, da shi ake yin ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo da bitamin D da sauransu. In ka ci da yawa a abinci sai hantar ta rage nata, shi ya sa ga yawancin mutane ƙwai ɗaya a rana ba ya wani ɗaga shi can, in ma ya ɗaga to har da HDL, kolestarol mai kyan kenan, ba LDL marar kyan kaɗai ba. Su kansu Turawan da suka fara tsoratarwar sun sassauta, a 1968 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce kar a wuce gwaiduwa uku a sati, amma a 2015 gwamnatinsu ta cire iyakar miligram 300 a rana daga shawarwarinta na abinci. Mu kuma sai yanzu muke tallar tsohon labari.

A je teburin mai shayi a Kawo ko Tudun Wada da daddare a gani. Za a kwarara mai a kasko har ƙwan na iyo a ciki, a juye shi kan indomie, a lafta wa burodi bota, ga shayi an cika shi da madara da suga. Gobe tsire ne mai kitse, jibi tuwo an malala masa man shanu, kuma mutum ko nan da can ba ya takawa sai ya hau keke napep. Kitsen nan da botar da man shanun sun fi gwaiduwa ɗaga LDL nesa ba kusa ba, amma ƙwai kaɗai aka gani.

Ban ce kowa ya zauna ya cinye kiret ba fa. Binciken da jami'ar Harvard ta fitar a 1999 kan mutum sama da dubu ɗari bai ga illar ƙwai ɗaya a rana ga zuciyar masu lafiya ba, amma ya ga haɗarin ya ƙaru ga masu ciwon suga. To mai suga da wanda aka gwada aka ce kolestarol ɗinsa ya hau, ya bi maganar likitansa ba ta majalisa ba.

Yara su ne damuwata. Dama ga tsada, ga tsohon camfin cewa yaron da ke cin ƙwai sata zai yi, yanzu kuma an ƙara wannan, alhali ƙwai ɗaya na ba yaro wajen giram 6 na furotin.

Don Allah ku nemo mana likita daga asibitin Barau Dikko ya yi wa mutane bayani a shafinku na lafiya.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Sanusi, Kaduna