Gaisuwar Sallah daga Sivas, da maganar kaskar jikin rago

Assalamu alaikum Abba da Umma,

Barkanmu da shan ruwan Arfa, barka da Sallah kuma tun kafin gari ya waye. Allah Ya maimaita mana. A gaida Hajiya, a ce mata angonta yana nan Turkiyya lafiya, har yau bai yi mata kishiya ba.

Na ga hoton ragon da aka kawo daga Wudil. Ma sha Allah, Abba, bana kam an tashi kan maƙwabta. Amma saƙon da Auta ya haɗo da hoton ne ya hana ni sakat: wai ya cire masa kaska tara a ƙarƙashin wutsiya, duk ya murtsuke su da farce. Ban ga laifinsa ba, a wurina ya koya. Umma za ta tuna yadda nake jera su a kan dakalin ƙofar gida ina fasawa da dutse, jini yana tsartuwa, muna ta dariya.

Zuwana nan ne ya sa na daina ganin abin wasa. Yankin nan, Sivas da Tokat da Yozgat, tun 2002 suke fama da wata cuta da kaska ke ɗauka, zazzaɓi mai sa zubar jini da ake kira Kirimiya-Kwango. Bazara na shigowa za ka ga gargaɗi a asibitoci, layya na matsowa a ƙara ƙaimi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 na iya rasuwa. Kaskar da ke kawo ta, mai ratsi-ratsi a ƙafa, akwai irinta a jikin dabbobin Arewa, an kuma taɓa samun ƙwayar cutar a Najeriya. Abin da ya fi ɗaure min kai, ragon da ke ɗauke da ita garau za ka gan shi, yana cin dusarsa yana tunkuyi. Mutum kuwa cizo ɗaya ya ishe shi, ko jinin kaskar da ya fasa, ko jinin yanka ya taɓa ƴar tsaga a hannu.

Don haka ina roƙo, Abba, gobe wanda zai riƙe da wanda zai yi fiɗa su sa safar hannu ta roba, a kemis ba ta da tsada. Baffa zai ce shekara nawa yana fiɗa ba safar hannu, na sani, a lallaɓa shi. Mai ciwo a hannu ya koma wajen hura wuta. Fatar kuma kada ta kwana a tsakar gida, don da ta huce kaskar ke sakinta su bazu neman wani jikin. A miƙa ta da wuri, a share turken, a ƙone ragowar harawar. Naman da ya soyu ba komai, Umma, a ci da daɗi.

In ta maƙale wa wani, ban da kananzir, ban da ashana, ban da matsa cikinta. A sa matsefata a kama ta dab da fata, a ja a miƙe a hankali, a wanke wurin da sabulu. Da dare a duba yara: bayan kunne, hammata, cikin gashi, matsematsi. Wanda zazzaɓi ya rufe farat ɗaya cikin mako biyu, da ciwon kai da ciwon jiki ko haɓo, kada a ce maleriya ce a tsaya kemis. A tafi asibiti, a buɗe baki a faɗa wa likita maganar kaska da yanka.

Auta, aikinka bana ɗaukar mini bidiyon Hawan Daushe, ka tsaya inda zan ji tambari sosai. Umma, kasona a soya shi ƙarau a rufe a samira, in an sami mai tahowa a ba shi.

Ɗanku mai kewar gida.