Ƙorafi kan Ɗanyar Robar da Iska Ta Lalata

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke sayar mana da robar naɗe waya,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni mai sana'ar saka famfon burtsatse ne a Sharaɗa, kuma na daɗe ina sayen ɗanyar robarku domin naɗe mahaɗar waya kafin a zura famfo cikin ruwa. Na fito da maganar fili ne saboda sau biyu ina zuwa ofishinku ana ce mini in dawo gobe.

Katan ɗin da na saya a watan Afrilu ya zo da ledarsa a yage, kuma da na warware robar sai na ga wani farin gari ya lulluɓe fuskarta, na danna yatsa bai kama ba. Ku kun fi ni sanin abin da hakan ke nufi. Ɗanyar roba, wadda ba a gasa ba, danƙon fuskarta shi ne dukan amfaninta. Idan ta zauna a buɗe, iska tana cin fuskar har ta bushe, farar wutar da aka haɗa ta da ita ta taso sama, ƙura ta zauna a kai, sannan zafi ya fara gasa ta tun tana ajiye a kanti. Daga nan ba za ta manne da jan ƙarfe ba, ba kuma za ta haɗe da kanta ba, komai ƙarfin da aka ja ta.

Laifina shi ne na yarda da yaron shagonku da ya ce in goge kawai. Na goge, na naɗe, muka zura famfo a wani gida a Hotoro. Kwana tara ruwa ya shiga mahaɗar, famfon ya ƙone, kuma da muka fito da shi robar ta saluɓe daga wayar kamar ɓawon ayaba. Ni na biya maigidan daga aljihuna.

Abin da ya fi damuna shi ne rumbun ajiyarku, domin na gan shi da idona: rufin kwano ne babu silin, alhali zafin Kano a bazara yana kai maki 40, irin wannan kaya kuwa ana son a ajiye shi ƙasa da maki 25, a rufe cikin leda.

Ina neman ku mayar mini da kuɗin katan ɗin da na famfon, ku janye ragowar kayan daga kanti, sannan ku riƙa buga ranar da aka sarrafa robar a jikin kowane katan.

Wassalam,
Mai saka famfon burtsatse, Sharaɗa, Kano