Uwata, Kafin Ki Biya Kuɗin Kwamfutar Nan

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da gwaggonki da duk mutanen gidan Nima. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarki da ke ɗan taɓa ta da sanyin asuba, ita ma da sauƙi.

Na ga hoton kwamfutar da kika turo, wadda kike son saya don aikinki na gyaran hotunan biki, na kuma saurari saƙonki har sau biyu. Daga muryarki na gane zuciyarki ta riga ta saya, hannu kawai ya rage ya miƙa kuɗi. Shi ya sa ban kira ki ba. In na kira, "to Baba, to Baba" za ki yi ta ce mini, ki ajiye waya ki hau mota zuwa Circle, inda ake sayar da kwamfutoci a Akra, ki ɗauko abinki. Na gwammace in faɗa, ƙaninki ya buga, ki riƙe takardar a wayarki ki shiga shago da ita.

Kada ki sayi wannan.

Na san abin da ya ja idonki, ɗan tambarin i7 ɗin nan da aka manna kusa da madannai, wato sunan ƙwaƙwalwar Intel da ke cikinta. Na sa ƙaninki ya faɗaɗa hoton, muka karanta lambar da ke biye da shi: 7500U. Bakwai ɗin farko shi ne tsararta, wato tsara ta bakwai a jerin Intel, haihuwar 2016. Ma'aikata biyu ne kacal a cikin ƙwaƙwalwarta. Ita kuwa i5 mai lamba 8250U, wadda ta fito shekara guda bayanta, ma'aikata huɗu gare ta, kuma a aikin hoto za ta bar waccan a baya. Sunan i7 kamar sarauta ne. Akwai mai rawani a kan gado, akwai wanda aka sauke tun tuni amma ana ci gaba da ce masa ranka ya daɗe. Ga kuma wani abu: tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye kulawar da ta saba yi wa Windows 10, shi kuma Windows 11 daga tsara ta takwas zuwa sama yake karɓa a ƙa'ida. Saboda haka duk wadda lambarta ta gaza takwas, ki gaishe da mai shago ki wuce. In kuɗinki ya kai tsara ta 11 ko ta 12, ko Ryzen 5 mai lamba 5000 zuwa sama, ya fi mini.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Allon ne.

Kina firamare lokacin da na ajiye fim na koma dijital, ba za ki tuna wannan ba. Wani biki na ɗauka a nan unguwa, na gidan mutanen da muke mutunci da su. Na kwana biyu ina gyara hotunan a kan wani tsohon allo da na saya da araha. Ashe allon yana da shuɗi-shuɗi a jikinsa, ni kuma ido ya saba, ban gani ba. Duk hoton da na buɗe sai in ga fuskar amarya ta yi fari-fat kamar an watsa mata toka, sai in ƙara ruwan ɗorawa, in ƙara ja, har sai ta yi mini kyau. Ranar da na karɓo wanki, na buɗe ambulan a bakin titi, gabana ya faɗi. Amarya ta koma launin manja. Farar shaddar ango ta zama kamar an tsoma ta a koko. Lallen hannunta, wanda mai lalle ta ɓata yini a kai, ya haɗe da fatar har ba a rarrabewa. Na yi ƙarfin hali na kai. Uwar amarya ta buɗe shafi uku, ta rufe, ta tura mini kundin ta ce, "Malam, wannan ba 'yata ba ce." Ba ta ɗaga murya ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Da kuɗina na sake wankewa, kuma sunan ɗan farin da aka yi a gidan bayan shekara, wani aka kira.

Kyamara ba ta yi laifi ba, mai wanki bai yi laifi ba. Allo ne ya yi mini ƙarya, ni kuma na gyara gaskiya ta dace da ƙaryar.

Aikinmu a ƙasar nan ya fi na wasu wuya a wannan fanni. A hoto guda za ki haɗa baƙar fata mai sheƙi, da farin mayafi, da leshi mai walƙiya, ga maƙwabciya Ba'ashantiya ta zo taya murna da kente mai ruwan zinariya da kore da ja. Fim ɗin da muka fara aiki da shi ma da farar fata aka auna shi, mu ne muka riƙa dabarar haske don fuskokin mutanenmu su fito. James Barnor, mai situdiyon Ever Young a Jamestown, sai da ya yi shekaru a Ingila yana aikin kala kafin ya dawo wajen 1970 ya kafa wurin wanke hoton kala na farko a Ghana. Kala ilimi ce mai zaman kanta, kuma ke yanzu allonki ne ɗakin duhunki.

To ga yadda za ki gane. Allon kwamfutar cinya iri biyu ne za ki fi cin karo da su, TN da IPS. Ba sai kin tambayi mai shago ba. Buɗe hoton fuska, ki tura murfin baya kaɗan, ki jawo shi gaba, ki leƙa ta gefe. In fuskar ta yi duhu da kika tura, ta kuma koɗe da kika jawo, TN ce, ba ta aikinki ba ce. Yaya za ki auna hasken fuska a kan abin da ke sauya magana duk lokacin da kika gyara zama? IPS kuwa ta ko'ina kika duba, launin yana nan. Wadda kika turo mini, daga rubutun da ke jikin takardarta, yawan ɗigon allonta 1366 da 768 ne. Kada ki sauka ƙasa da 1920 da 1080.

Sai dai IPS ma suna suka tara. Akwai ma'aunin launi da ake kira sRGB, HP da Microsoft suka fitar da shi a 1996, shi ne yaren da intanet da yawancin injinan wanki suke ji. Ki nemi allon da aka rubuta yana nuna sRGB kashi 100, ko kusa da haka. In kika ga an rubuta NTSC kashi 45 (wani ma'aunin ne daban), ki sani kusan kashi ɗaya cikin uku na launukan sRGB ba ya iya nunawa. Jan kente zai fito masa kamar jan bulo, ke kuma ki yi ta ƙara masa ƙarfi, a wayar mai biki ya fito kamar jini. A nan ne samari suke faɗawa rami da kwamfutocin wasan gem masu fitilu kala-kala a madannai: inji kamar doki, amma da yawa daga masu arahar cikinsu irin wannan allon ne da su. Mai shago sau da yawa bai ma san amsar ba, kuma ba zai ce bai sani ba. Kifa kwamfutar, ki kwafi cikakkiyar lambar samfurinta, ki bincika da wayarki a gabansa.

Ko kin dace da allo mai kyau, ki rage haskensa zuwa wajen rabi in kina aiki. Allo mai ƙyalli yana sa ki danne hoto, wanki ya fito da duhu. Ki kashe abin nan da ke mayar da allo ruwan ɗorawa da dare. Kada ki zauna taga na bayanki. Kuma ki kai hotuna biyar wurin wankin da kike hulɗa da shi, ki dawo da su ki kara kusa da allo da rana, ki ga inda suka saɓa. Akwai 'yar na'urar da ake ratayawa a kan allo ta daidaita launi, irin su Spyder, in wani abokin sana'a yana da ita ki ara.

Tunda muna kan fata, bari in faɗi abin da ke raina. Na ga hotunan da kika sa na bikin watan jiya. Aikin ya yi kyau, amma amaryar nan na san kakarta, kuma gidansu ba farare ba ne. In sun roƙe ki ki goge ƙurji, goge. Amma ki bar wa yarinya launin da Allah Ya ba ta, 'ya'yanta za su duba hoton nan wata rana.

Sauran abubuwan ba su da wuyar ganewa. RAM ita ce tabarmar da kike baza aiki a kai. Adobe, masu manhajar gyaran hoto ta Lightroom, da kansu sun ce giga 8 ne mafi ƙaranci, 16 suke ba da shawara. Ki ɗauki 16. In 8 ce, sai in an buɗe bayanta kin ga ramin ƙari da idonki, don da yawa yanzu a like take da allon injin. Ma'ajiya kuma SSD, ko da giga 512 ce, ta fi tera guda na tsohon faifai mai juyawa da ke cikin wadda kika turo. Wancan faifan shi ne ke sa ki danna hoto ki tafi ɗora ruwan shayi. Katin hoto na daban, wato na'urar da ke taya kwamfuta sarrafa hoto, irin na NVIDIA, yana da amfani in kina yawan amfani da abin share dusar hoton dare da Lightroom ta kawo a 2023, kuma na san bukukuwanku na ɗakin taro duk cikin duhu da fitilu masu juyi ake yi. Amma in zaɓi ya zama tsakanin kati da allo mai gaskiya, ɗauki allo. Jinkiri haƙuri yake ci, launin ƙarya kuwa suna yake ci.

Kin tambaye ni MacBook. Ba ni da faɗa da ita. Tun daga mai ƙwaƙwalwar M1 ta 2020 allonsu mai kyau ne, batirinsu yana kai mutum nesa, wanda duk ya ga dumsor, wato ɗaukewar wutar 2015, ya san darajar wannan. Air ɗin M1 ba ta ma da fanka, ƙurar hunturu ba ta da abin toshewa. Sai dai RAM ɗinta da ma'ajiyarta yadda kika saya haka za ku rabu, ba a ƙari, gyaranta kuma da tsada. In ta hannu ce, mai ita ya cire asusunsa na iCloud a gabanki, a goge ta, ki shiga da naki kafin ki ƙirga masa ko sidi ɗaya. In ba haka ba kin sayi faranti.

Ta tebur ta fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, kuma ana sauya mata kayan ciki, amma ke yau kina unguwar Madina gobe kina Ashaiman, ga ɗaukewar wuta. Ki fara da ta cinya. In kasuwa ta buɗe, ki sayi allon IPS mai inci 24 ki girke a ɗaki.

Yanzu maganar da na san ba za ki so ba. Kada ki zuba duk kuɗin a kwamfuta. Kyamararki mai megafiksel 24 ce, kowane hoton RAW, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauka, yana cin mega 25 zuwa 30. Biki guda in kin ɗauki dubu, giga 30 ta tafi. Kafin ki yi biki ashirin cikinta ya cika. Ki ware kuɗin faifan waje guda biyu. Ɗaya a ɗakinki, ɗaya a ɗakin gwaggonki ko ma wani gida, don kin ga abin da ruwa yake yi a Akra, mu ma nan mun ga abin da gobara take yi a kasuwa. Kuma kada ki goge katin kyamara sai hotunan sun kwana a wuri biyu. Kwamfuta in ta mutu a sayi wata. Ɗaurin aure ba a maimaita shi don mai hoto.

Manhaja kuma, tun 2013 Adobe ta koma biyan wata-wata, ki sa shi cikin lissafin abin da kike caji. Wadda yaran shago za su ce za su zuba miki kyauta, ki ce kin gode. Ta sata ce, kuma ba a san abin da aka cusa a cikinta ba, ga hotunan matan mutane babu mayafi a ɗakin lalle suna cikin injinki. Amana ce. In kuɗin bai kai ba tukuna, darktable da GIMP halal ne kuma kyauta.

Ranar saye ki tafi da yayanki, ba don ya fi ki sani ba, don dai a ga ba ke kaɗai ba ce. Kada ki yi cinikin biri a sama da wanda ya tare ki a bakin Tip Toe Lane a Circle yana buɗe jaka. Shago mai ƙofa, wanda za ki koma gobe ki same shi. Ta hannu ba aibu ba ce, yawancin abin da na yi aiki da shi na hannu ne, sai dai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, batirin zai riga komai gajiya. Ki cire caja ki ga yadda yake sauka. Ki tafi da hotunanki na RAW guda hamsin a filas, har da na baƙar amarya cikin farin mayafi, ki zauna rabin awa kina aiki a kai. Ki saurari fanka, ki taɓa ƙasanta ki ji zafi. Ki cika allon da fari, sannan da baƙi, ki nemi ɗigo ko tabon haske a kusurwa. Ki gwada kowane rami, da na katin kyamara in akwai. Ki sa a shiga BIOS, wato saitin tushe na injin, a gabanki, a tabbatar ba a kulle da kalmar sirri ba. A rubuta lambar jikin injin a kan rasit, da kwanakin garanti. In mai shago ya fara tsaki yana duba agogo, shagon gaba ma kwamfuta yake sayarwa.

Mahaifiyarki ta ɗauki adashinta ranar Juma'a, ta ce rabi naki ne, ni ma zan ɗora abin da ya sauƙaƙa. Za mu turo ta MoMo, kuɗin waya, amma sai kin aiko mini da lambar samfurin wadda kika tsayar na duba. Kada ki kira tsakanin magariba da isha'i, ina masallaci. Ta kuma ce in tuna miki hotonta na sallar bara, har yanzu ba ki wanko mata ba.

Ki gaida gwaggonki da kyau. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa a saya a sa'a.

Mahaifinki.