Amsa ga mai tambaya kan tsohuwar mazaɓar Millwall

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye mu a bainar jama'a game da Millwall, mazaɓar kansila a ƙaramar hukumar Tower Hamlets da ke gabashin Landan: tunda an rushe ta a 2014, ko za ka iya haɗa ƙuri'un mazaɓun da suka gaje ta ka ci gaba da jera tarihin zaɓenta? Amsarmu ita ce kada ka yi haka, domin lissafin zai fito da kyau a takarda amma ba gaskiya zai faɗa ba.

Fara da iyaka. Ko kafin rushewar, Millwall ba ta tsaya a shaci ɗaya ba. A 2002 an sake shata iyakoki, gabashin yankin Isle of Dogs, inda Millwall take, ya koma sabuwar mazaɓar Blackwall and Cubitt Town, aka bar wa Millwall sunanta. Saboda haka sakamakon 1998 da na 2002 ba na jama'a ɗaya ba ne. A 2014 kuma aka rage kansilolin hukumar daga 51 zuwa 45, mazaɓu suka ƙaru daga 17 zuwa 20. Millwall mai kujeru 3 ta kau, Canary Wharf da Island Gardens suka zo da kujeru bibbiyu. A Najeriya da sai ka koma sakamakon rumfa-rumfa ka sake tarawa. A Ingila ana cakuɗa takardun akwatunan mazaɓa kafin a ƙirga, ba a bayyana na kowace rumfa. Duk wanda ya ba ka "sakamakon Millwall na 2018" ƙiyasi ya ba ka.

Inda ya kamata ka tsaya da kyau shi ne zaɓen cike gurbi na 16 ga Satumba 1993. Derek Beackon na BNP, jam'iyyar masu ƙyamar baƙi, ya samu ƙuri'a 1,480, ɗan takarar Leba ya samu 1,473. Ƙuri'a 7 kacal, kuma da su BNP ta samu kansilanta na farko a tarihi. Kusan kashi 44 cikin 100 ne suka fito. Tushen abin rabon gidajen hukuma ne. Tashar jiragen ruwan Millwall ta rufe a 1980, aikin yi ya tafi, manyan gine-ginen Canary Wharf suna tashi a gaban idon mutanen da ke layin jiran gida, sai BNP ta riƙa bi ƙofa-ƙofa tana cewa 'yan asalin Bangladesh ne ke kwashe gidajen. An ɗora wa maƙwabci laifin da ba nasa ba, kuma iyalai da yawa sun kwana cikin fargaba a watannin nan.

A Mayun 1994 Beackon ya samu 2,041, wato ƙarin 561, amma ya faɗi, Leba ta kwashe kujerun uku. Abin da ya canza shi ne fitowar jama'a, wadda ta kai wajen kashi biyu cikin uku. Wanda ya kalli adadin ƙuri'a kawai zai ce BNP ta ƙara ƙarfi, wanda ya kalli kujera kawai zai ce ta mutu, kuma dukansu sun yi kuskure.

Akwai wani tarko kuma. A cike gurbi kujera ɗaya ake nema, kowa ƙuri'a ɗaya gare shi. A zaɓen gama-gari kowane mai zaɓe a Millwall yana da uku, yana iya raba su ga jam'iyyu daban-daban. In ka tara ƙuri'un duka 'yan takara ka raba, jam'iyyar da ta tsayar da mutum ɗaya za ta fito ƙarama fiye da yadda take. Ka ɗauki ɗan takarar da ya fi ƙuri'a a kowace jam'iyya, ka riƙe wannan hanya daga farkon jadawalin har ƙarshensa.

Sauran tarihin gajere ne. Sababbin mazauna masu kuɗi sun cika benayen bakin kogi, a cike gurbi na Satumban 2004 jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau ta samu kansilanta na farko a Tower Hamlets a nan Millwall, a 2006 ta cinye kujerun uku. Zaɓen ƙarshe na gama-gari shi ne na 6 ga Mayu 2010, kuma ya faɗo rana ɗaya da zaɓen majalisar ƙasa, don haka kada ka gwada fitowar jama'arsa da ta sauran shekaru.

Ka raba jadawalinka biyu, kafin 2002 da bayanta, ka sa wa cike gurbi alama daban, ka rufe a 2014. Canary Wharf da Island Gardens kowace a buɗe mata nata shafin.

Wassalam.