Baba Rabaran, yaya zan koya wa 'yan ƙanana annabci da gafara ba tare da na cutar da su ba?

Zuwa ga Baba Rabaran,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama da dukan iyali, da abokan aikinka na gidan rediyo. Yaya hidima? Allah ya ƙara ƙarfi. Ni mai sauraron shirinka ce, kuma na ga yadda kake amsa wa mutane damuwarsu ba tare da ka kunyata kowa ba, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubuto maka. Roƙona tun daga farko, idan za a karanta wasiƙar nan a shirin, a sakaya sunana da na ikkilisiyarmu, domin akwai marayu da gwauruwa a cikin maganar.

Ni malamar makarantar Lahadi ce a wata ikkilisiyar ECWA ta sashen Hausa a cikin garin Katsina. Ajin 'yan ƙanana nake riƙe da shi, 'yan shekara 3 zuwa 5, waɗanda ba su fara karatu ba. A gidan bangaskiya na tashi. Kakana a Babbar Ruga ya ji bishara, zamanin da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) ke kula da asibitin kutare na can, kuma har ya koma ga Ubangiji bai rabu da tsohon Littafi Mai Tsarki nasa ba, fassarar 1932. Na faɗi haka ne don ka san ba shakka ce ta kawo ni ba. Na gaskata annabawa, na gaskata Ubangiji zai dawo, na kuma san gafara umarni ne. Abin da ya gagare ni shi ne yadda zan isar da waɗannan manyan abubuwa ga yaron da bai daɗe da sauka daga bayan uwa ba.

Bana shugabanninmu suka tsara cewa daga Oktoba har zuwa Kirsimeti, kowane aji zai yi darasi kan annabci da gafara. Na yi murna da tsarin. Na san ɗan shekara 4 ba ruwansa da cewa Ishaya ya rayu kimanin shekaru 700 kafin haihuwar Yesu, tunda jiya da shekaranjiya ma rikice masa suke yi. Sai nake ce musu, tun da daɗewa, kafin a haifi kakan kakanku, Allah ya aiki bayinsa su faɗi abin da zai yi. Annabi Mika ya ce a Baitalami za a haifi Mai Mulki. Annabi Ishaya ya ce budurwa za ta haifi ɗa a kira shi Immanuwel. Annabi Zakariya ya ce Sarki zai shiga Urushalima a kan jaki. Wannan na jakin shi suka fi so, don kullum suna ganin jakuna na wucewa da yashi a unguwa. Ni in ce, "Allah ya faɗa," su kuma su tafa su amsa, "Allah ya cika!" Har iyaye na ba ni labarin yaran na yin haka a gida.

Shugaban makarantar Lahadinmu, dattijo ne mai tsoron Allah wanda ya koyar da ni ina yarinya, ya ce wannan bai isa ba. A ganinsa, annabcin da ya riga ya cika rabin magana ne. Ya ce mu dubi Matiyu sura 24, yaƙe-yaƙe da jita-jitar yaƙi da yunwa, wanne ne ba mu gani da idonmu a ƙasar nan? Saboda haka dole ko ƙananan su san ƙarshen zamani, su san fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama a dawowar Yesu, su san akwai wuta. Ya ce su da tsoro aka rene su, tsoron ne kuma ya tsare su har suka tsufa cikin ikkilisiya. Wata Lahadi ya haɗa dukan azuzuwa, manya da ƙanana, ya nuna musu hotuna a waya: dabbar nan ta Wahayin Yahaya 13 mai kai 7 da ƙaho 10, da lamba 666, da mutane suna tashi sama an bar wasu a ƙasa suna kururuwa.

'Yan shekara 10 da 12 sun yi ta tambayoyi, wataƙila su sun amfana. Nawa kuwa sai suka manne mini a zane. Bayan mako guda wata uwa ta same ni ta ce ɗiyarta ba ta barci. Cikin dare takan farka ta lalubi fuskar uwar don ta tabbatar ba a ɗauke ta an bar ta ita kaɗai ba. Ko odar babbar mota ta ji daga titi, sai ta fashe da kuka, wai ƙahon ƙarshe ne.

Baba, ni da na koma na karanta 1 Tasalonikawa 4, inda Manzo Bulus ya yi maganar ƙaho da fyaucewa, na tarar masu makoki yake rubuta wa, waɗanda 'yan'uwansu suka mutu, kuma ya rufe da cewa su ta'azantar da juna da wannan magana. Maganar da aka aiko don share hawaye, yaya za ta zama abin da ke hana yarinya barci? Ubangiji da kansa ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba. Shi ne kuma ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa, kada a hana su. Ina tsoron yaron da ya fara sanin Yesu ta hanyar firgita zai girma yana gudunsa. Amma ni mace ce, kuma ƙarama, mai maganar kuwa uba ne a gare ni. Ko ni ce nake sassauta gaskiya don tausayi? Wannan tambaya ba ta barina in huta.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da zan faɗa maka yanzu.

Ka san halin da jiharmu ta shiga. Ƙanƙara, Faskari, Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, babu wanda bai ji labarinsu ba, tun ma kafin a kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Ikkilisiyoyin cikin gari sun karɓi iyalai da suka baro ƙauyukansu. A ajina akwai yaro ɗan shekara 5 daga wani ƙauye a kudancin jihar. Mahaifinsa ya fita gona da safe a cikin damina, 'yan bindiga suka kashe shi a can. Uwar ta kwaso yara ta dawo wurin yayanta a nan Katsina.

Ranar da nake bayyana musu annabci, na ce kamar Baba ne zai tafi kasuwa ya ce zai kawo muku tsaraba, da yamma sai ga shi da ita a hannu. Yaran suka yi ta murna, kowa na faɗin abin da babansa ya kawo masa. Shi kuma yaron nan ya dube ni ya ce, "Malama, babana ya ce zai dawo, bai dawo ba." Na ɗauke shi na ɗora a cinya, na ce masa babansa ya so ya dawo, mugayen mutane ne suka hana shi, amma Allah babu mai iya hana shi cika alkawarinsa. Bai ce komai ba.

Da muka shiga darasin gafara, abin ya fi haka nauyi. A wurin sauran yaran, laifi shi ne wani ya ƙwace maka biskit, ko ya ture ka, ko ya cije ka. Mai laifi ya ce "yi haƙuri," ɗayan ya ce "na yafe maka," su rungumi juna, nan da nan sun koma wasa. Na ba su labarin Bitrus da ya tambaya ko sau 7 ya isa, Yesu ya ce masa 70 sau 7. Muka yi ta ƙirga da yatsu har suka gaji, na ce to haka gafara take, ba a ƙirga ta. Muna cikin koyon Addu'ar Ubangiji, mun zo inda muke roƙo a gafarta mana kamar yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai yaron ya tambaye ni, "Har masu bindiga?"

Bayan an tashi sujada uwarsa ta zo, ba da faɗa ba. Ta ce, "Malama, don Allah ki bar mini yarona tukuna. Ni kaina idan aka zo wannan wurin a addu'ar, shiru nake yi." Na kai maganar ga shugabanmu. Ya ce Yesu a kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, Istifanas ma ya yi haka ana jifansa da duwatsu, saboda haka in sa yaron ya furta da baki, zuciya za ta biyo baya.

Ban iya yin haka ba, Baba, kuma ga dalilina, ka gyara mini in na kauce. Yusufu yana da shekara 17 lokacin da 'yan'uwansa suka sayar da shi. Yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Aka yi shekara 7 na ƙoshi, aka shiga ta 2 cikin yunwa, sannan ya bayyana musu kansa. Shekara 22 ke nan. Ko da suka zo ma bai ruga ya rungume su ba, sai da ya gwada su, ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun Biliyaminu don ya ga ko sun canja. Ranar da ya faɗa musu ko shi wane ne, ya yi kuka da ƙarfi har Masarawa suka ji. Kuma a Farawa 50 bai ce musu ba komai ba, ya faɗa musu a fili cewa mugunta suka nufe shi da ita, Allah ne ya juya ta zuwa alheri. Yunusa kuwa annabi ne guda, amma da Allah ya ji tuban mutanen Nineba bai hallaka su bayan kwana 40 ɗin ba, fushi ya yi har ya roƙi mutuwa. Allah bai kore shi ba, ya zauna yana yi masa tambaya a hankali, yana tuna masa da mutane fiye da 120,000 da ba su san dama da hagu ba. Idan Allah ya yi wa babban annabi wannan haƙuri, ni wace ce da zan tilasta wa maraya ɗan shekara 5 ya gama da zuciyarsa cikin Lahadi guda? Ina gudun in koya masa cewa a gaban Allah ana faɗin abin da ba shi ne a zuciya ba.

Sai dai barinsa haka ma yana ba ni tsoro. Idan aka fita wasa, kara yake ɗauka ya mai da shi bindiga, yana cewa in ya girma zai harbe su. Rannan mai fura da nono ta shigo gidan da suke haya, ya ruga ya ɓuya yana cewa su ne. Baiwar Allah nan ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Mai gidan da suke ciki Musulmi ne, shi ya rage musu kuɗin haya, ya aiko musu da hatsi, shi ma kuma yana da 'yan'uwa da aka kora daga wajen Batsari. Wannan masifa ba ta tambayi addinin kowa ba, Musulmin jihar nan sun sha ta fiye da a ƙirga. Ba na so "su" ɗin da ke bakin yaron nan ya girma tare da shi har ya haɗiye ƙabila guda ko addini guda. Na san Romawa 12 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Da wane irin harshe zan faɗa wa yaro haka ya gane cewa Allah ya ga abin da aka yi wa babansa, bai kuma ɗauke shi wasa ba?

Akwai kuma abin da ke raina game da 'yan matan ajin. A Zumuntar Mata mun sha jin yadda ake cutar da yarinya a cikin dangi, sai manya su ce ta yafe ta rufa asiri, Kirista ba ya riƙo. Duk lokacin da na ce wa ƙanana su yafe, sai na ƙara da cewa idan wani ya taɓa ku inda bai kamata ba, ko ya ce kada ku faɗa wa kowa, ku gaya wa Mama ko Malama nan take. Wata abokiyar aikina ta ce ina rikita su, wai ko gafara ko ƙara, ba a haɗa biyun. Ni ban yarda ba, amma ina so in ji daga bakinka, domin iyaye da yawa suna sauraronka kuma maganarka ta fi tawa nauyi a wurinsu.

To Baba, ka taimake ni. A shekarun nan na 3 zuwa 5, iyakar ina ya kamata a kai yaro cikin annabci? Ya wadatar su san Allah mai cika alkawari ne, Yesu kuma zai dawo ya share hawaye, a bar maganar dabba da ƙuncin ƙarshen zamani sai sun ƙara hankali? Shi kuma maraya, in ya sake tambayata ko har masu bindiga, me zan ce masa wanda gaskiya ne kuma ba zai karya shi ba? Na fara yin addu'a da shi cewa Allah ya hana mugaye mugunta, ya sa su tuba, ya kuma taimake mu ranar da za mu iya yafewa. Yana amsa amin a kan wannan. Ko hakan ya yi daidai a matsayin mafari? Maigidana ya ce in bi tsarin da aka ba ni kada a ce na raina manya. Ni ma ba na so in ɓata wa dattijon nan rai. Ko in bi ta wurin Maman Fasto ne, ko in nemi Fasto ya zaunar da mu duka?

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne wasan Kirsimeti. An riga an raba wa yara aiki, kuma shugabanmu yana so a nuna inda Hirudus ya aiki sojoji suka kashe yara maza 'yan shekara 2 zuwa ƙasa a Baitalami, tunda Matiyu ya ce a nan annabcin Irmiya ya cika, na Rahila mai kuka saboda 'ya'yanta. Manyan yara za su shigo da takubban katako suna ihu, nawa kuma su ne za su kwanta a ƙasa. Na san yana cikin Littafi, ba na musu. Amma yaron nan yana cikin ajin, uwarsa kuma da wasu matan da suka ga irin wannan da idonsu za su kasance zaune a cikin majami'a. Mun kusa fara gwaji, ina roƙo in da hali ka amsa mini kafin nan.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara maka hikima. A gaishe da Mama.

Ɗiyarka cikin Ubangiji,
Malamar ajin 'yan ƙanana, Katsina